In aka ce maka "wa ya aiko ku?": yadda zaka yi wa majalisar ƙauye bayanin hukumar WAHO

Wannan rubutun na ƙannenmu ne da suka gama makarantar koyon aikin lafiya aka turo su ƙauye, da 'yan kwamitin lafiya na mazaɓa, da duk wanda aka taɓa tsayarwa a ƙofar gidan bulama aka ce tashi ka yi wa jama'a bayani. Ni dai na sha kunya a kan maganar nan shi yasa na zauna na rubuta. Muna zaune ne a gindin darbejiya a wani ƙauye arewa da Gumel ana shirin rigakafi, na gama zuba bayani ina ji da kaina, sai wani dattijo mai fataucin dabbobi ya gyara zama ya ce, "Yaro, shekaranjiya na ji a rediyo an ce hukumar lafiya ta duniya, jiya aka ce ta yammacin Afirka, yau kai kuma ka ce daga Dutse aka turo ku. Wai ku nawa ne, kuma wa ya aiko ku?" Na ce ai duk ɗaya ne Baba. Ya ce "In duk ɗaya ne me ya raba sunan?" Majalisa ta kwashe da dariya, kuma wallahi ranar gidaje uku ne suka hana mu shiga.

To ga yadda nake yi yanzu, kuma tana fisshe ni.

Kafin ka fita daga gida ka fara warware su a kanka tukuna, domin in kai ma a cakuɗe suke a wajenka to a cakuɗe za su fito daga bakinka. WHO ita ce ta duniya baki ɗaya, an kafa ta 7 ga Afrilu 1948, hedikwatarta na Janeba a Suwizalan, kuma ta raba duniya shiyya 6, tamu shiyyar ofishinta na Brazabil a Kongo da ƙasashe 47 a ƙarƙashinsa. Akwai Africa CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka, wannan ta Tarayyar Afirka ce, yarinya ce ɗanya shakaf tunda a Janairun 2017 aka buɗe ta a Adis Ababa. Sai WAHO, Hukumar Lafiya ta Yammacin Afirka, wadda ita reshe ce ta ECOWAS, kuma a kanta zan tsaya domin ita ce mutane suka fi rashin sani kuma ita ce aka fi rikita ta da WHO, harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, a baki kuma in mai karanta labarai ya yi sauri ba ka banbance su. Su kuwa na gida ka san su, NCDC mai yaƙi da cututtuka a Abuja, hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, ma'aikatar lafiya a Dutse, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ka rubuta su a 'yar takarda ka sa a aljihu amma kar ka fito da ita a gaban mutane, da zarar ka fara karatu daga takarda an gama da kai, cewa za a yi abin da aka ba ka ne kake maimaitawa.

In ka isa, kar ka kuskura ka fara da suna ko shekara. Fara da kasuwar Maigatari da ke kan iyakarmu da Nijar. Ni tambaya nake yi, na ce wa ya je kasuwa ranar Alhamis ɗin nan, hannaye su tashi, na ce to raƙuman nan da shanun nan daga ina aka koro su, su ce daga Dungas, daga Magarya, daga Damagaram, wasu ma daga can nesa. Na ce mutanen da suka koro su a ina suka kwana, da wa suka ci tuwo, a wane masallaci suka yi sahu, a randar wa suka sha ruwa. Daga nan ba sai ka ce komai ba, su da kansu za su ƙarasa maka, wani zai ce ai shekarar da aka yi baƙon dauro daga gidan surukinsa na tsallake ya fara, wani ya ce a'a mu ne ma muka kai musu. Ka bar su su yi musun su ƙoshi. Abin da kake so su faɗa da bakinsu shi ne cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan, ba ta nuna kati, sanƙarau in zafi ya taso daga Sanagal har Habasha yake sharewa, kuma a 1996 a Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu sama da 11,000 suka rasu, dattawan wajen duk sun san shekarar, wasu sun binne nasu. A nan ne nake sako karin maganar nan ta in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, sai na ɗora da cewa amma in gemun naku a tabarma ɗaya kuke kwana ai gara ku haɗu ku kashe wutar gaba ɗaya. Sai yanzu ka ambaci sunan hukumar.

Tarihin kuma ka ba da shi kamar labarin gidaje biyu da aka haɗa aka yi gandu ɗaya, shi ne ya fi zama a kan mutane, kuma ba ƙarya ka yi ba haka abin yake. Gida na farko na ƙasashen da Faransa ta raina ne. Tun zamanin mulkin mallaka Faransawa suka kafa rundunar likitoci masu yawo ƙauye ƙauye suna farautar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, cibiyarsu kuma a Bobo-Dioulasso take, birni na biyu a ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta kafin Sankara ya mai da ita Burkina Faso a 1984. Har yau akwai cibiyar bincike a garin mai suna Centre Muraz, sunan ɗaya daga likitocin nan ne. Da aka samu 'yanci a 1960 ƙasashen suka ga in kowa ya ja nasa aikin zai watse, sai suka kafa ƙungiya ɗaya ta yaƙi da manyan cututtuka da ake kira OCCGE a taƙaice, irin su ciwon barci da kuturta da sanƙarau, suka bar mata hedikwata a Bobo ɗin. Nijar tana cikin wannan gidan, ka tabbata ka faɗi haka domin mutanenmu na kan iyaka rabin danginsu can suke.

Gida na biyu namu ne masu Ingilishi, Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Mu namu ya zo daga baya, a shekarun 1970, ofishinsa a Legas, kuma shi ya fi karkata ne wajen horas da ma'aikata, likitocin tiyata da sauran ƙwararrun likitoci da nas-nas da masu haɗa magani, yadda takardar da aka samu a Akara za ta yi aiki a Ibadan. Kaga kenan gida ɗaya ya ƙware a bin daji yana neman marasa lafiya, ɗayan ya ƙware a aji da jarrabawa, kuma ba sa jin yaren juna. Ni a nan nake tsayawa na ce musu ku duba fa, mutumin Maigatari da mutumin Dungas Hausa ɗaya suke yi, ciwo ɗaya ke kama su, amma takardar ɗaya Legas take tafiya da Ingilishi ta ɗayan kuma Bobo da Faransanci, kafin labari ya zagayo an yi jana'iza nawa? Wannan maganar tana shiga sosai.

Sai ka kawo ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira Sediyawo. An kafa ta a Legas 28 ga Mayu 1975, Janar Gowon da Eyadema na Togo ne suka yi ta zirga-zirga har ta tabbata. In akwai dattawa ka tuna musu cewa Gowon ɗin nan dai shi ne daga baya ya dinga yawo ƙauyuka kan maganar kurkunu har aka tabbatar babu ita a Najeriya a 2013, suna jin daɗin wannan domin sun san kurkunu ido da ido, sun ga yadda ake naɗe ta a tsinke. To a Yulin 1987 shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, zamanin Babangida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, suka sa hannu a yarjejeniyar kafa hukumar lafiya ɗaya da za ta haɗiye gidajen nan biyu. Ita ce WAHO, masu Faransanci su ce OOAS.

Amma fa kar ka tsaya a 1987 ka ce shikenan an kafa an fara aiki, akwai wanda zai kama ka. Takarda aka sa wa hannu, aiki bai fara ba. Sai a 1998 aka tsai da Bobo-Dioulasso a matsayin hedikwata aka naɗa shugabanni, sai a shekarar 2000 aka buɗe ofis aka kama aiki gadan-gadan. Shekara 13 kenan. Ni ba na ɓoye wannan, cewa nake an ɗaura aure a 87 amarya bata tare ba sai 2000, a yi dariya, wani ya ce ai aikin gwamnati kenan, na ce ƙwarai kuwa. Yarda da irin wannan ƙaramin aibin shi ke sa in ka zo maganar da ke da nauyi su saurare ka, wanda ya zo yana yabon hukuma tun daga farko har ƙarshe kamar maroƙi ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci.

Yanzu maganar mambobi. Abu ɗaya zaka riƙe, WAHO bata da rajistar kanta daban, duk ƙasar da ke ECOWAS tana ciki, wadda ta fita daga uwa ta fita daga 'ya. Lokacin da aka sa hannu ƙasashe 16 ne. Muritaniya ta fice a ƙarshen shekarar 2000 aka koma 15, a haka aka daɗe, shi ya sa littafin da ka karanta a makaranta 15 ya ce. Sai Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa a Janairun 2024, ta tabbata 29 ga Janairu 2025, saura 12. Ni da yatsu nake ƙirga musu kuma abin ya zo daidai kamar da gangan. Hannun dama masu Ingilishi, Najeriya, Gana, Saliyo, Laberiya, Gambiya. Hannun hagu masu Faransanci, Binin, Togo, Kwaddibuwa, Sanagal, Gini Konakiri. Yatsu sun ƙare saura biyu masu yaren Fotugal, Gini Bisau da tsibiran Kef Bad, su kuma sai na taɓa kunnuwana biyu. Yara ma da ke raɓe a bayan majalisa suna haddacewa, wata rana na dawo garin na tarar suna wasa da shi suna kama kunne. Harsunan aikin hukumar su ne ukun nan, Ingilishi da Faransanci da na Fotugal, babu Hausa, kuma in ka tambaye ni wannan gibi ne babba tunda daga Kano har Agadas har zango-zangon Kumasi da ita ake ciniki, amma wannan ra'ayina ne ba sai ka kai shi majalisa ba.

Kullum sai an samu mai cewa ina Chadi, ina Kamaru. Ba sa ciki kuma ba su taɓa shiga ba, su lissafin tsakiyar Afirka ake yi da su duk da muna iyaka da su. Wani kuma zai ce Sudan fa, saboda hanyar Makka ta ƙasa da kakanni suka bi, to Sudan ko a WHO ma ba shiyyarmu take ba, tana shiyyar da ofishinta ke Alƙahira tare da Masar da Saudiyya.

Tambayar Nijar ita ce mai zafi a yankinmu, ka shirya mata tun daga gida. Mutane basu manta da rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, dillalai sun zauna, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Saboda haka da ka ce ECOWAS akwai wanda fuskarsa za ta canza. Kar ka shiga siyasar, ba aikinka bane kuma ba zaka ci riba ba, majalisa rabewa za ta yi biyu a manta da abin da ya kawo ka. Ga abin da nake faɗa, cewa eh sun fita, su ukun sun kafa tasu ƙungiyar ta Sahel, kuma abin mamakin ma garin da aka ajiye hedikwatar WAHO a 1998 yana cikin ƙasar da ta fita. Amma Nijar tana nan a WHO, ofishin Brazabil ɗaya muke da su, in an samu sanƙarau a Magarya labari zai bi ta wannan hanyar. Sannan na juyo da maganar gida, na ce ranka ya daɗe ficewar shugabanni daga ƙungiya bata hana 'yarka da ke aure a tsallake zuwa wankan gida ba, in ta zo da jariri a duba katinsa, katin Nijar da Faransanci yake amma alluran kusan iri ɗaya ne, a kawo mana mu duba mu ɗora daga inda aka tsaya. Wannan ya fi musu amfani a kan duk wani sharhi.

Daga nan za a ce to me take yi, mu bamu taɓa ganin motarta ba. Gaskiya suka faɗa kuma kar ka yi musu ƙarya, ramin ƙarya ƙurarre ne balle a ƙauye da kowa ya san motar da ta shigo da wadda ta fita. WAHO bata gina asibitin sha-ka-tafi, bata biyan albashinka, bata raba gidan sauro gida gida, kuma ba ita ke ɗauko kular rigakafi a bayan babur ba. Aikinta a sama yake, tara ministocin lafiya na ƙasashen su zauna su daidaita tsari, daidaita manhajar karatun ma'aikatan lafiya yadda nas ɗin Kwatano da ta Kano za su san abu ɗaya, ƙoƙarin haɗa ƙa'idar rajistar magunguna saboda jabun magani da ke tsallaka iyaka a buhu, da musayar labarin annoba tsakanin ƙasa da ƙasa. Misalin da nake ba su shi ne na sarkin kasuwa, shi baya sayar da ko tiya ɗaya ta gero amma in babu shi kowa da irin mudunsa zai zo.

In kana son misali na zahiri ka ɗauko Ebola. A 2014 ta tashi a Gini ta shiga Laberiya da Saliyo ta kashe sama da mutum 11,000, kuma duk ukun mambobi ne. A Yulin shekarar wani matafiyi daga Laberiya ya sauka da ita a Legas, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu ta rasu, aka tsaya a mutum 20 da suka kamu 8 suka rasu, 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta fita. Kowa a majalisa zai tuna daren da aka dinga buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, nan ma ka bar su su yi dariyar kansu. Abin da ya biyo baya shi ne ECOWAS ta ga an makara ƙwarai a wancan karon, sai ta kafa cibiyar sa ido kan cututtuka ta yanki a Abuja a ƙarƙashin WAHO. Da korona ta zo a 2020, lokacin ɗan Najeriya Farfesa Stanley Okolo ne shugaban hukumar, ita ta sayo kayan gwaji da kayan kariya ta raba wa ƙasashen, kuma Buhari ne shugabannin yankin suka ɗora wa jagorancin yaƙin.

Sannan ka nuna musu inda su suka shigo cikin sarƙar, wannan shi ne wajen da na fi so. In yaro ya sanƙare wuya da zazzaɓi aka kawo shi wajenka, kai zaka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi ya kai Dutse, Dutse ta kai NCDC, daga can labari ya tafi ga WHO da cibiyar yanki. Kenan farkon igiyar a hannun uwar yaron take da mai unguwar da ya ce a kai shi asibiti maimakon a rufe shi a ɗaki. A 2024 da sanƙarau ya sake tasowa a Jigawa da Yobe da Bauchi, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke maganin iri 5 na ƙwayar cutar lokaci ɗaya, kuma jiharmu na cikin inda aka fara. Wannan aikin gwamnati ne da WHO da masu tallafi, kar ka jingina shi ga WAHO, amma ka kawo shi don su ga rahoton da ke fita daga ƙauye yana dawowa da wani abu.

Maganar kuɗi ma za ta taso, wa ke biya, domin a tunanin mutane wanda ya biya shi ke da manufa. ECOWAS tana da haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato 0.5, a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, da shi ake tafiyar da hukumominta har da WAHO, sannan akwai tallafin ƙasashen waje da bankuna a kan wasu ayyukan. Ka faɗi duka biyun. Ni har cewa nake Alhaji babur ɗin nan naka ɗan Chana da ka saya akwai 'yan kuɗinka a ciki, kaga kai ma kana da hannun jari.

Akwai kuma mai karatu a kowace majalisa, ɗalibin da ya dawo hutu ko malamin firamare, da zai so ya gwada ka ya ce wa ya fara irin wannan haɗakar, Turawa ne suka ƙaƙaba mana? Ka ce masa ta yankin Amurka ce ta fi kowacce tsufa, PAHO, tun Disambar 1902 aka kafa ta a Washinton saboda ciwon shawara da sauran annoba da jiragen ruwa ke yawo da su tashar ruwa zuwa tashar ruwa suna tsai da kasuwanci, ta girmi WHO da shekara 46 kuma ƙasashe 35 ne a cikinta. Dalilinsu dai shi ne namu, su jirgin ruwa mu raƙumi da tirela. Ka ba shi wannan ka wuce, kar ka biye masa ku mai da majalisa aji.

Tambayoyin da suka fi nauyi su ne na 1996 da 2003, kuma sau da yawa liman ne ko wani mai faɗa a ji zai kawo su cikin ladabi. Gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya faru, an je kotu, an yi sulhu an biya diyya, kar ka ce ƙarya ne, ka ce Allah gafarta malam haka aka yi kuma ba daidai bane, irinsa ne ma ya sa ake son ƙasashenmu su sami nasu ƙa'idar da nasu masu duba magani. Ka kuma lura a lokacin WAHO ko ofis bata buɗe ba. Na 2003 kuma da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano har zuwa 2004, ka tuna musu abin da ya biyo baya, ƙwayar ta bi matafiya ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita har Yaman da Indunusiya, Saudiyya ta koma sai an ɗiga wa alhazanmu. Daga baya da sarakuna suka shigo aka dage, aka ga na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji 25 ga Agusta 2020. Muryarka a ƙasa, kar ka nuna ka fi shi sani, in ya ƙara tambaya ka amsa in ya yi shiru kai ma ka yi shiru.

Wajen mata kuma salon daban ne, in mace ce ke ko kuma an ba ka izinin shiga tsakar gida tare da ungozoma. Su ba ruwansu da 1987, kar ki ɓata bakinki. Ki fara da biki da suna da ake zuwa tsallake, ki yi ƙirgan yatsu da kunne don nishaɗi, ki tsaya a kan kati da alamomin da in an gani a fito da yaro da wuri. Inna ɗaya ta taɓa ce min "'Yan nan duk wannan hukumomin naku wacce ce za ta kawo mana maganin zazzaɓin damina a kan lokaci?" kuma tambayarta ta fi ta mazan ma'ana, amsar ita ce wannan na jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma kwamitin mazaɓa ne zai bi sawu, sai na rubuta na kai taron wata.

Lokaci ma ka duba. Kar ka je ranar Alhamis gari ya tafi kasuwa, kar ka je da hantsi da damina kowa na gona, bayan la'asar ko bayan sallar Juma'a ya fi, kuma ka fara biyawa ta wajen bulama kwana ɗaya kafin nan ka ba shi labarin a taƙaice shi kaɗai, domin in ya riga ya ji to a majalisa shi zai dinga gyaɗa kai yana cewa haka ne, har ya ƙara maka da nasa. Duk bayanin kar ya wuce minti 20, sauran lokacin na tambaya ne.

Dattijon nan mai fatauci na koma garinsu bayan kamar wata biyu na same shi a bakin masallaci yana gyaran igiya, na durƙusa na gaishe shi na ce Baba na zo da amsar tambayarka. Na ba shi labarin gidaje biyu, na ƙirga masa yatsu na kama kunne, a lokacin Nijar bata fita ba saboda haka hannun hagu bai isa ba sai da na ara yatsu uku a hannunsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Bobo ai ya taɓa kwana a can zamanin yana kai shanu kudu ta wannan hanyar, akwai wani tsohon masallacin ƙasa mai itatuwa a jikinsa. Sai ya ƙwala wa jikansa kira ya ce je ka ce wa uwarka ta ɗauko katin nan na ƙaninka da aka yi a Magarya, malamin asibiti zai duba.